Ƙuri'ar magoya baya: Matasan Sassumbrum na zaɓen taurarin Turai, wa zai zaɓi nasu?

Da zarar shekara ta karkata zuwa ƙarshe, ko kakar wasanni ta kusa rufewa a Turai, saƙo iri ɗaya ne ke zagaya zaurukan WhatsApp na matasa: ga shafi nan, a shiga a zaɓi gwani, a tura wa wasu. Saƙon kan taso daga wani ɗan ci-rani a Tamanraset ko Sabha, ya bi ta Legas da Kano, kafin la'asar ya sauka a wayar ƙaninsa a Sassumbrum, cikin gundumar Magarya a kudancin jihar Damagaram. Wani lokaci FIFA ce ke neman a zaɓi ƙwallon da ta fi kyau a shekara. Wani lokaci wata gasa ce ke son magoya baya su jera mata fitattun 'yan wasa goma sha ɗaya. Wani lokaci kuma kamfanin wasan kwamfuta ne kawai ke tallar hajarsa.

Kafin wannan ƙuri'a ta shiga, sai matashin ya yi ɗawainiya. Zai kai wayar wurin mai caji, ya sayi data da abin da ya samu a kabu-kabu ko a ƙwadagon gona, sannan ya nemi kusurwar da sabis ke kamawa, wanda a garuruwan bakin iyaka sau da yawa na Najeriya ne ya fi ƙarfi. Shafin zai buɗe da Turanci ko Faransanci, ya nemi adireshin imel da kalmar sirri. Idan ya tsallake wannan duka, sai ya danna sunan wani ɗan wasan Real Madrid ko Barcelona ko Liverpool wanda ba zai taɓa sanin an yi ba, ya koma fada a ci gaba da shayi da musu har dare ya raba.

Babu laifi a nishaɗin. Wanda ya biya 'yan daloli ko 'yan nairori ya zauna a bencin gidan kallo, ƙarar janareto na cika masa kunne na tsawon minti casa'in, ya cancanci a tambaye shi ra'ayinsa. Sai dai ya kamata a faɗi gaskiyar abin da ake aunawa. Ƙuri'ar intanet tana nuna ɗan wasan da ya fi yawan masoya masu waya da data, kuma a wannan ma'auni Nijar tana baya tun kafin a fara ƙirga. Inda ra'ayin ɗan Sassumbrum zai yi nauyi shi ne gida, kan 'yan wasan da ya gani da idonsa a filin gari, kuma nan ne ba a cika tambayarsa ba.

Al'adar zaɓen taurari ba a ƙwallon ƙafa ta samo asali ba. Amurkawa ne suka ƙirƙiro ta, kuma tun ranar farko akwai ƙanshin kasuwanci a jikinta. A 1933 editan wasanni na jaridar Chicago Tribune, Arch Ward, ya kawo shawarar a haɗa fitattun 'yan wasan besbol su kara da juna, masu karatu su cika takardar zaɓe daga jarida su aiko. Jarida ta sayu, fili ya cika. A 1957 aka ga inda abin ke iya kaiwa: wata jarida a birnin Cincinnati ta riƙa buga takardun zaɓe da an riga an cika su, mutanen garin suka yi ta aikawa, sai ga 'yan ƙungiyar Reds bakwai a gurabe takwas. Shugaban gasar, Ford Frick, ya cire biyu daga cikinsu, ya kuma ƙwace zaɓen daga hannun magoya baya, ba a mayar musu da shi ba sai 1970. Duk wanda ya taɓa jin labarin cusa ƙuri'u a akwati a Yammacin Afirka zai gane salon.

Ƙwallon kwando ma ta sha irin wannan. A 2011 aka zaɓi Yao Ming ɗan China cikin waɗanda za su fara wasan taurarin NBA, alhali wasa biyar kacal ya buga a kakar saboda rauni. A 2016 mutanen Jojiya suka kusa cusa ɗan ƙasarsu Zaza Pachulia, wanda ko shi kansa bai taɓa ikirarin yana sahun gaba ba. Daga 2017 hukumar ta raba nauyin: rabi na magoya baya, kashi 25 cikin ɗari na 'yan wasa, kashi 25 na 'yan jarida. A ƙwallon ƙafa, gasar MLS ta Amurka ce ta riƙe wannan al'ada, kuma a Yulin 2025 ta ga abin kunya nata: an zaɓi Lionel Messi da Jordi Alba su buga wasan taurari a Austin da takwarorinsu na Meziko, ba su je ba, aka dakatar da kowannensu wasa ɗaya. Masu zaɓe sun yi nasu, wanda aka zaɓa yana da wasu lissafe-lissafen. Da Todd Boehly na Chelsea ya kawo shawara a Satumban 2022 cewa a riƙa yin wasan taurarin Arewa da Kudu a Firimiya, dariya aka yi masa a Ingila.

Misalin da ya fi kusa da zuciyar masu kallo a ƙasar Hausa shi ne na kyautar Puskás ta 2018. A shekarar ne Cristiano Ronaldo ya yi alkafura ya zura wa Juventus ƙwallo a Turin, har magoya bayan Juventus ɗin suka miƙe suka tafa masa. A shekarar ne Gareth Bale ya yi irin wannan bugun a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Kiev. Amma da aka sanar da sakamako a Landan a watan Satumba, Mohamed Salah ne ya lashe, da ƙwallon da ya ci Everton a Disamban 2017, ƙwallon da ko kyautar wata a Firimiya ba ta samu ba. Kyakkyawa ce, babu musu, kuma Salah bai saci komai ba. Jama'a aka ce su zaɓa, jama'a suka zaɓa, Misirawa sun fi miliyan 100, magoya bayan Liverpool sun bazu a duniya. A shekarar da ta biyo FIFA ta sauya tsarin, ta shigo da kwamitin tsofaffin 'yan wasa cikin hukunci. Wannan sauyi shi kansa amsa ce ga mai tambayar ko ƙuri'ar jama'a zalla ta isa.

Kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka ta BBC, wadda masu sauraro da masu karatu suka riƙa zaɓa a da, ta nuna haka tun kafin nan. A 2005 Mohamed Barakat na Al Ahly ya doke Samuel Eto'o, a shekarar da CAF ta ba Eto'o kyautarta karo na uku a jere. A 2008 Mohamed Aboutrika ya ɗauka, CAF kuma ta ba Emmanuel Adebayor. A 2017 da 2018 Salah ne. Najeriya ma ta ci gajiyar yawanta: Jay-Jay Okocha ya lashe a 2003 da 2004, Asisat Oshoala kuma ita ce ta fara lashe kyautar BBC ta mata a 2015. Duk gwanaye ne. Amma idan aka jera sunayen, za a ga ƙasashe masu yawan jama'a da wadatar waya suna ta dawowa.

To ina Nijar a wannan lissafi? Ƙasa ce mai mutane sama da miliyan 25, kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙididdigar hukumomin duniya na nuna masu amfani da intanet ba su kai mutum ɗaya cikin huɗu ba, kuma mafi yawansu a birane suke. Najeriya ta haura miliyan 200. Ko da kowane mai waya a Magarya da Dungas da Matamai ya haɗa kai kan ɗan wasa ɗaya, wata unguwa a Alƙahira ko Legas za ta shafe ƙuri'unsu cikin yini guda. Ga kuma matsalar wuta. Layin lantarkin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake fitowa, kuma kowa ya tuna yadda Najeriya ta katse shi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. A ƙauyukan da layin bai taɓa isa ba ma, faifan sola na mai caji shi ne gatan kowa. Sannan harshe: tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa kundin da hukumomi suka ƙaddamar, amma shafukan da ake wannan zaɓe ba da Hausa suke magana ba. Wanda ya yi makarantar allo kawai, ko ya bar boko a aji huɗu, sai ya nemi mai danna masa, kuma mai dannawa yana da nasa gwanin.

Masu cewa a bar wa masana zaɓe gaba ɗaya su ma suna da tambayoyin amsawa. Masana ba mala'iku ba ne. A 2016 aka haɗa tawagar fitattun 'yan wasan gasar Najeriya ta tafi Sifaniya, ta buga gasar Carranza a Kadiz tare da Malaga da Atletico Madrid. Masu horarwa ne suka tsamo 'yan wasan, kuma tafiya irin wannan na iya sauya rayuwar yaro. Shekara biyu bayan haka aka ga hatsarin barin irin wannan iko a hannun mutum ɗaya ko biyu: a 2018 aka nuna faifan binciken ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas, inda mai horar da 'yan wasan Najeriya Salisu Yusuf ke karɓar dala 1,000 daga wasu da suka yi shigar wakilan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce ba ta shafi zaɓensa ba, amma hukumar NFF ta dakatar da shi shekara ɗaya. A zaɓen gwarzon FIFA na 2019 kuma, ƙuri'un kyaftin da kocin Masar ba su shiga lissafi ba saboda kuskuren sa hannu a takarda.

Kyautar Ballon d'Or, wadda ake ganin ta fi kowace daraja, tana da nata wariyar. Tun 2022 'yan jarida daga ƙasashe 100 na farko a jadawalin FIFA kaɗai ke zaɓe. Mena tana wajen ɗarin nan a 'yan shekarun nan, don haka babu ɗan jaridar Nijar a cikin masu hukunci. Tsarin kyautar The Best ta FIFA ya fi wannan adalci, domin ya raba nauyi gida huɗu daidai: masu horar da ƙungiyoyin ƙasa, kyaftin-kyaftin, 'yan jarida, da magoya baya. A nan kyaftin ɗin Mena daidai yake da na Brazil. Ko shi bai hana ce-ce-ku-ce ba, kamar yadda aka gani a Janairun 2024 lokacin da Messi da Erling Haaland suka yi kunnen doki da maki 48, aka ba Messi saboda ya fi samun zaɓin farko daga kyaftin-kyaftin. Gidajen kallo sun yi sati suna wannan gardama.

A yi wa magoya baya adalci, akwai lokutan da idonsu ya ga abin da masana suka kauda kai a kansa. Okocha bai taɓa lashe kyautar CAF ba, kuma har yau da wuya a samu mai kallo a Kano ko Damagaram da zai yarda cewa hakan daidai ne. A 2012 jama'a suka zaɓi Christopher Katongo, kyaftin ɗin da ya jagoranci Zambiya ta doke Kodebuwa a Libreville ta ɗauki Kofin Afirka, yayin da CAF ta ba Yaya Touré na Manchester City. A 2015 wani ɗan wasa da ba a san shi ba a ƙaramar ƙungiyar Goianésia ta Brazil, Wendell Lira, ya doke Messi a kyautar Puskás. A shekarar da ta biyo ɗan Malesiya Mohd Faiz Subri ya ɗauka. A waɗannan biyun na ƙarshe akwai abin lura: an ɗauki ƙwallayen a bidiyo, shi ya sa duniya ta gan su. Wanda ba a ɗauka ba, ko ya fi su iyawa, bai shiga takara ba.

Nan ne maganar ta dawo gida. A tambayi matashi a kowace fada a Sassumbrum ya jera 'yan wasan Real Madrid, zai jera har da na benci. A ce ya kawo sunaye biyar daga tawagar Mena da ta je Aljeriya gasar CHAN a farkon 2023, sai ya fara sosa ƙeya. Alhali waɗannan yaran, duk masu buga wasa a cikin gida, sun doke Kamaru da ci 1-0, suka fitar da Ghana da ci 2-0 a Oran, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Aljeriya ta lallasa su 5-0, Madagaska ta ƙwace na uku, suka ƙare a matsayi na huɗu a nahiyar. Mai horar da su, Harouna Doula, shi ne mutumin da ya kai Nijar Kofin Afirka karon farko a 2012, a rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, har CAF ta ba shi kyautar gwarzon koci na 2011. A Nuwamban 2024 Mena ta casa Sudan 4-0, ta je Akara ta doke Ghana 2-1, maki ɗaya ya hana ta zuwa Maroko.

Ba za a ɗora wa matashin laifin duka ba. Ina zai gan su? Filin wasa na Seyni Kountché da ke Yamai ya daɗe ba ya cikin waɗanda CAF ta amince da su, shi ya sa wasan da ake kira na gida da Ghana a Satumban 2024 a Berkane ta Maroko aka buga shi, na Sudan kuma a Lome. Babbar gasar cikin gida ta zama kusan ta Yamai, inda ƙungiyoyin soja da jandarma da kwastam da kamfanonin gwamnati suka mamaye ta. Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984, tun daga nan kusan bai sake barin babban birni ba. Mai gidan kallo kuwa ɗan kasuwa ne, abin da tauraron ɗan Adam ya kawo masa shi yake haskawa. Yaron da ya tashi a wannan yanayi zai san Moussa Maâzou da Victorien Adebayor a suna, amma Vinícius yake gani kowane mako.

Idan na ƙasa ba a ganin su, ina ga na ƙauye? Kowace damina, bayan an rufe makarantu, ana gasar babban hutu a garuruwa da ƙauyukan wannan yanki. Unguwa da unguwa, ƙauye da ƙauye, a fili mai rairayi, wasu da takalmi wasu ƙafa ba komai. Jama'a kan yi dafifi fiye da yadda ake gani a wasu wasannin babbar gasa. A nan kowa masani ne na gaske, domin ya ga yaron tun yana buga ƙwallon tsumma, ya san wanda ke gudu idan an taka shi, ya san mai tsaron gidan da ke kama fenareti. Amma idan an ba da kofi aka watse, shi ke nan. Da wuya a samu littafin da aka rubuta wanda ya ci ƙwallo nawa, wasa nawa ya buga, shekararsa nawa. Bayan girbi gwanin gasar zai ɗauki jaka ya nufi Kano ko Agadas ko Libiya, labarinsa ya koma hirar dare. Idan wani mai neman 'yan wasa daga Damagaram ya zo tambaya, abin da zai samu shi ne maganar baki, kuma maganar baki ta fi karkata ga ɗan wane.

Abin mamaki, Nijar tana da tsarin zaɓen gwanaye da ya fi na ƙwallo inganci, a kokawar gargajiya. A 1975 aka fara gasar ƙasa a Tawa, a yanzu kuma kowace jiha cikin takwas na tura 'yan kokawa goma neman Takobi, kuma kafin mutum ya shiga cikin goman sai ya bi ta matakai daga ƙasa, yana kayar da abokan karawa a gaban jama'a. Ɗan ƙauye na iya tashi daga dandalin garinsu ya kai filin Langa-Langa na Damagaram, daga can ya tsaya gaban ƙasa baki ɗaya, rediyo na faɗin sunansa da Hausa da Zabarmanci. Ba a rasa gunaguni a can ma, amma tsanin a bayyane yake, kuma kowa ya san matakinsa. Ƙwallon ƙafa wasan mutum goma sha ɗaya ne, kayarwa ba ta raba gardama a cikinsa, dole sai an yi hukunci. Shi ya sa tambayar wa zai yi hukuncin, kuma da wace hujja, take da muhimmanci.

Ya kamata hukumar FENIFOOT da reshenta na jihar Damagaram, tare da kwamitocin da ke shirya gasannin hutu, su ɗauki al'adar zaɓen taurari su yi mata gyaran gida. Magarya da Dungas gunduma ɗaya suke kafin a raba su a 2011, kuma wasa ɗaya a shekara tsakanin fitattun 'yan wasan gundumomin biyu zai cika kowane fili ba tare da talla ba. Kowace ƙaramar hukuma, daga Sassumbrum da Kwaya da Bande da Waca zuwa Dogo-Dogo da Malawa da Guci, ta fitar da nata gwanayen daga gasar hutu. 'Yan kallo su samu kaso a zaɓen, amma kaso mai iyaka, kamar kashi ɗaya cikin uku, sauran a raba tsakanin masu horarwa da kyaftin-kyaftin da alƙalan wasa. A yi zaɓen a bakin fili ranar wasan ƙarshe, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, a ƙirga a gaban kowa, a sanar da adadin a gidajen rediyon al'umma da Hausa.

Akwai dabara ɗaya da ta cancanci a aro daga ƙungiyar 'yan wasan Ingila, PFA, inda 'yan wasa ke zaɓen gwarzon shekara amma ba a yarda mutum ya zaɓi abokin wasansa na ƙungiya ɗaya ba. Idan aka ce kyaftin ko koci ba zai zaɓi ɗan ƙauyensu ba, an kashe rabin son kai. Ga 'yan kallo kuwa, a ba kowane ƙauye nauyi daidai, komai yawan mutanensa, don kada babban gari ya yi wa ƙanana abin da Alƙahira ke yi wa Yamai.

Abin da ya kamata a guje masa tun daga farko shi ne zaɓen da ake biya, irin wanda ake cewa a tura saƙon waya a kan kuɗi kaza, kuma mutum na iya turawa sau nawa ya ga dama. An ga irinsa a gasannin waƙa da na fina-finai, kuma kowa ya san yadda yake ƙarewa: yaron da kawunsa ke da shago a kasuwar Maigatari zai doke wanda ubansa manomi ne, kamfanin waya ya kwashe riba. Haka nan kamfanonin caca da ke neman kowace kafa ta shiga aljihun matasa za su yi saurin zuwa da tayin ɗaukar nauyi, da sharaɗin a manna sunansu a riga. Masu kuɗi da masu neman suna da ke sa kofi ma suna da al'adar son a ga yaronsu a cikin tawaga. Dokar zaɓe da aka rubuta aka karanta a fili kafin a fara gasa ita ce kawai za ta ba kwamiti ƙarfin cewa a'a.

Wani zai ce wannan duk wasa ne, ana fama da tsadar hatsi da rashin aiki wa ke ta zaɓen ɗan ƙwallo. Amma a duba wani abu. Zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshe a Nijar an yi shi ne a Disamban 2020, zagaye na biyu na shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, kuma a Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Duk wanda ya cika shekara 18 bayan 2021 bai taɓa riƙe takardar zaɓe ba. Ƙuri'ar da ya sani ita ce ta waya, inda ake buɗe asusu uku da sunaye daban-daban, ana alfahari da hakan a fada, inda ba a ganin ƙirga, ba a sanin wanda ya ƙirga. Ranar da aka kira shi rumfar zaɓe ta gaske, da wannan tarbiyya zai je. Zaɓe ƙarami a bakin fili, wanda ya ga an ƙirga a gabansa, gwaninsa ya faɗi ya haƙura ya tafa wa na wani ƙauye, horo ne da babu makarantar da ke ba shi a yanzu.

'Yan ci-rani da ke turo saƙon a zaɓi wane suna da rawar da ta fi wannan. Su ne ke aiko da riguna da ƙwallaye, su ne sau da yawa ke haɗa kuɗin kofi. Ba su ga wasannin ba, don haka bai kamata ƙuri'arsu ta rinjayi ta waɗanda suka tsaya a rana ba, amma a hannunsu maganin rashin gani yake. Kuɗin data da zaure ɗaya ke ƙonawa a mako guda wajen zaɓen taurarin Turai zai sayi littafin rubutu da biro, ya biya wani ɗalibi ya zauna bakin fili yana rubuta sunan kowane ɗan wasa da ƙauyensu da shekarar haihuwarsa kamar yadda take a takarda, da ƙwallayen da ya ci. Zai biya wani ya tsaya kan tudu da waya yana ɗaukar wasa daga farko har ƙarshe, a tura wa na Tamanraset da Legas su gani, a ajiye kwafi don ranar da koci daga Damagaram ko Yamai zai tambaya.

Gasar babban hutu kan fara ne bayan an rufe makarantu a ƙarshen Yuni, lokacin da aka ɗan sarara daga noman farko. Kafin lokacin, kwamitocin Sassumbrum da maƙwabtansu na buƙatar zama ɗaya da wakilin hukumar ƙwallo ta jiha, su amince kan kason 'yan kallo, su naɗa mai riƙe littafi a kowane fili, su kuma tsayar da ranar da za a kara da Dungas, kafin girbi ya ƙare gwanayen su kama hanya.